Wasiƙa zuwa ga aminina kan abin da sabunta manhaja ya yi wa motata

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya, wasiƙarka ta iso, kuma na ga tambayar da ka yi mini game da saƙon sabunta manhaja da ya fara bayyana a allon motarka ta lantarki. Da gangan na jinkirta amsa, domin ban so in rubuto maka cikin zafin rai ba, sai da na auna abin da zan iya aunawa a tawa motar.

Makonni shida da suka wuce, da daddare, motar ta nemi izinin sauke sabuwar manhaja ta intanet, kamar yadda wayar hannu take yi. Bayanin da ya zo tare da ita bai wuce layi uku ba, kuma iyakar abin da ya ce shi ne an inganta aikin batir da na caji. Na danna amincewa na je na kwanta. Da gari ya waye batirin ya cika, amma nisan da allo yake nunawa, wanda na saba gani wajen kilomita 410, ya koma 365. Kwana biyu bayan haka na tsaya a tashar caji mai sauri, inda a da minti arba'in suke isa in tashi daga kashi 10 zuwa kashi 80, sai ga shi na shafe fiye da awa guda ina kallon allo. A gida kuma jadawalin cajin dare da na tsara ya goge, har na tashi wata safiya na tarar ko kaɗan motar ba ta sha wuta ba.

Wanda ya fi ɗaure mini kai ya zo ne a mako na biyu, ranar da motar ta ƙi ko buɗe ƙofa alhali babban batirinta yana kan kashi 70. Ashe ƙaramin batirin nan mai volt 12, irin wanda yake cikin kowace mota, shi ne ya mutu. Shi yake tayar da kwamfutocin motar, shi kuma yake kunna makunnin da ke haɗa babban batir da sauran jiki, saboda haka idan ya kwanta, duk wutar da ke cikin babban ba ta da amfani. Makanike ya gano cewa tun bayan sabuntawar wani sashe na motar ya daina yin barci idan an kashe ta, yana ta zuƙar ƙaramin batirin har ya ƙarar da shi. Wannan kuskure ne tsagwaronsa, kuma wata ƙaramar sabuntawa da ta biyo baya ta gyara shi, sai dai ni na sayi sabon batirin.

Batun raguwar nisa shi ne na fi daɗewa a kansa, domin da farko na ɗauka batirin ne ya lalace. Ka san tankin mai ana iya leƙa shi a ga inda man ya tsaya, amma batirin lithium ba ya leƙuwa. Akwai wata kwamfuta da ke kula da shi, tana duba ƙarfin wutar kowace ƙwaya, wato kowane ɗaya daga cikin ƙananan baturan da suka haɗu suka zama babban, da yawan abin da ya shiga da wanda ya fita, da zafin jikinsa, sannan ta yi kirdadon abin da ya rage. Adadin kilomitan da muke gani kirdado ne a kan kirdado, tunda an haɗa shi da yadda mutum yake tuƙi. Idan sabuwar manhaja ta sauya lissafin, ko ta goge abin da tsohuwar ta koya game da batirin, adadin zai iya faɗuwa ba tare da ƙwaya ko ɗaya ta samu matsala ba. Abin ya fi tsanani a batura irin na LFP, wato wani nau'in batirin lithium mai ɗauke da ƙarfe da fosfat, waɗanda ƙarfin wutarsu yake zama kusan wuri ɗaya a mafi yawan tafiyarsu daga cika zuwa ƙarewa, shi ya sa masu ƙera su suke ba da shawarar a riƙa cika su ɗari bisa ɗari a kai a kai, domin kwamfutar ta samu madogara.

Abin da ya taimake ni shi ne ɗabi'ar nan tawa ta rubuta komai, wadda ka sha yi mini dariya a kanta. Cajar gidana tana nuna yawan kilowat-awa, wato ma'aunin wutar lantarki, da ta bayar, kuma ina da rubutun watannin baya. Sai na bar batirin ya sauka zuwa kashi 10, na cika shi a hankali, na kwatanta. A da yana shan kilowat-awa 62, yanzu ya sha 60. Ka ga ke nan abin da ya ragu na gaskiya bai wuce kashi uku cikin ɗari ba, alhali allo ya nuna raguwar kashi goma sha ɗaya. Bayan na maimaita haka sau biyu, ina barin motar ta huta wasu awanni bayan ta sauka da kuma bayan ta cika, adadin ya hau zuwa 395 ya tsaya a nan.

Cajin sauri kuwa har yanzu tsugune ba ta ƙare ba. Na gano cewa sabuntawar ta kashe tsarin da ke daidaita zafin batir kafin a isa tasha, kuma batir mai sanyi ba ya karɓar wuta da ƙarfi, domin tura masa ita a haka yana sa lithium ya taru a saman sandar ƙwayar maimakon ya shige ciki, abin da ke rage masa rai. Da na kunna tsarin, lokacin ya sauko zuwa minti hamsin. Sauran minti goman, na gwada tashoshi uku daban-daban ban same su ba, kuma hakan ya sa na yi imani da gangan aka rage ƙarfin da motar take karɓa.

Ba sabon abu ba ne a wannan sana'a. A shekarar 2019 kamfanin Tesla ya aika wata manhaja da ta rage iyakar cikar batir a wasu tsofaffin motocinsa na Model S, masu motocin suka kai ƙara a Amurka, kuma a 2021 aka yi sulhu a kan dala miliyan ɗaya da rabi, inda mutum 1,743 suka samu dala 625 kowannensu. A ƙarshen 2020 kamfanin General Motors ya yi amfani da manhaja ya taƙaita cajin Chevrolet Bolt a kashi 90 saboda haɗarin gobara, kafin daga baya ya koma ga sauya baturan. Motata ba ta ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ba ce, na kawo su ne domin ka ga cewa wani lokaci akwai dalili mai ƙarfi a bayan ragin. Da an ce mini an rage saurin caji ne don kare batirin, da na karɓa hannu bibbiyu. Abin da ya ɓata mini rai shi ne mota tawa ce, da kuɗina na saya, amma wani daga nesa ya sauya mata hali cikin dare, ya kira abin da suna ingantawa.

Na je wurin dila, suka haɗa ta da na'urarsu suka ce ba su ga komai ba, suka kuma ce ba a komawa tsohuwar manhaja. Da na ambaci garanti, sai suka tuna mini cewa, kamar na yawancin motocin lantarki, shekara takwas ne ko kilomita 160,000, kuma ba ya aiki sai ƙarfin batir ya faɗi ƙasa da kashi 70. Ragin kashi uku ko ƙarin minti goma ba su shiga ciki ba. Na rubuta wa kamfanin da ya ƙera motar takarda ina neman su faɗa mini a rubuce abin da suka sauya, ina jiran amsa.

Game da taka motar, ba zan ce ka ƙi sabuntawar ba, domin wasu gyare-gyaren na kare rai ne, kuma ƙin karɓarsu zai iya jawo maka gardama ranar da ka nemi garanti. Sai dai kafin ka danna, ka ɗauki hoton duk saitunan caji, ka rubuta kilowat-awa da take sha daga kashi 10 zuwa cika, da mintunan da take yi a tashar sauri tare da yanayin zafin ranar. Kada kuma ka yi ta a daren da za ka wayi gari da doguwar tafiya. Idan ka samu alƙaluman naka, kafin da bayan, ka aiko mini da su in haɗa da nawa a takarda ta biyu da nake shirin aika musu.

Ka gaishe mini da mutanen gida da yara.

Naka amini har kullum.