Rahoton Ayyukan Shekara: Rigakafi ga Iyalan Masu Tarin Fuka Mai Bijire wa Magani

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Mafi yawan aikin ƙungiya a bana ya tafi ne a kan mutanen da ke zaune gida ɗaya da masu tarin fukan da isoniazid da rifampicin, manyan magungunan tarin fuka, ba sa kashe ƙwayarsa. Rigakafin da aka saba bayarwa da waɗannan magunguna biyu ba ya amfanar su. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba su wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna levofloxacin kullum har wata 6, bayan binciken da aka yi a Afirka ta Kudu da Biyetnam ya nuna yana rage kamuwa da kusan kashi 60 cikin 100. Tsarin da muka horar da masu sa-kai a kansa ke nan.

Tantancewa muka fi tsanantawa. Ana rubuta duk wanda ke kwana a gidan, a tambaye shi tari, zazzaɓi, zufar dare da rama. Yaro kuwa a duba ko nauyinsa ya tsaya ko ya daina wasa. Sai hoton ƙirji, da gwajin kaki da na'urar GeneXpert, mai gano ƙwayar tarin fuka, ga mai alama. Wanda ciwon ya riga ya kama, cikakken magani yake buƙata. In aka ba shi levofloxacin kaɗai, ƙwayar za ta iya bijire masa shi ma. Ana kuma duba sakamakon marar lafiyar gidan, domin in ƙwayarsa ba ta jin rukunin maganin da levofloxacin yake ciki, rigakafin ba shi da amfani.

Yara ana ba su miligiram 15 zuwa 20 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu, don haka a auna su duk wata. Ƙwayar magani mai miligiram 100 da ke narkewa a ruwa ta fi. Ta manya in aka daka tana da ɗaci, yaro ya tofar.

Inda muka sha wahala shi ne riƙe mutane su kammala. Mai lafiya ƙalau ba ya ganin dalilin shan magani wata 6, da ya ji ciwon gaɓoɓi ko rashin barci sai ya ajiye bai faɗa wa kowa ba. Shi ya sa ake sanar da kowa illolin tun ranar farko: in an ji ciwon agara ko bugun zuciya da ba a saba ba, a dakata a je asibiti nan take. Maganin ƙwannafi, na ƙarin jini da madara suna hana jiki tsotse shi, a raba su da aƙalla awa 2.

A shekara mai zuwa za mu ci gaba da bibiyar waɗanda suka gama har su cika shekara 2. Mai son shiga ziyarar gidaje ya ba sakatare sunansa.

Kwamitin Zartarwa