Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi Zuwa ga Kamfanin Jirgin Saman da Ya Kwanar da Kyanwarmu a Rumbun Kaya

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Fasinjoji,

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa ne a bainar jama'a saboda na bi duk hanyoyin da kuka tanada na kai kuka a asirce, amma har yau ban samu amsar da ta dace da abin da ya same mu ba. Na miƙa kwafinta da Turanci a ofishinku na Ikeja, wannan kuwa na rubuta ta da Hausa domin 'yan'uwana mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende da sauran unguwannin Legas, waɗanda suke cika jiragenku duk lokacin Sallah, su san abin da za su tarar idan suka yi niyyar tafiya gida da dabbar da suke kiwo. Ban ambaci sunan kamfaninku ba da gangan, domin gyara nake nema, kuma lambar ƙorafina tana cikin kwamfutarku.

Ni magidanci ne a Agege, kuma muna da kyanwa fara mai ɗigon baƙi a goshi wadda 'yata ta tsinta a bayan shago tana jaririya, ta shayar da ita madara da sirinji har ta yi ƙarfi. Shekararta uku a gidanmu. Da hutun ƙaramar Sallar da ta wuce ya gabato, muka yanke shawarar kai yara Kano su yi mako uku wurin kakarsu, sai maganar kyanwar ta taso. Wanda bai zauna a gidan haya na Legas ba zai ce a bar ta wa maƙwabta mana. Mun taɓa yin haka da wata kyanwar a baya, muka dawo aka ce ta fita ba ta dawo ba, kuma a gidan da muke akwai masu camfin da ba sa son ganin mage a tsakar gida da dare. Don haka muka ce za mu tafi da ita, in dai dokarku ta yarda.

Saura mako biyu tafiya na je ofishinku da ƙafata, na tambayi ma'aikaciyar da ke sayar da tikiti ko kuna ɗaukar kyanwa daga Legas zuwa Kano. Ta shiga ciki ta tambayo, ta fito ta ce kuna ɗauka, da sharaɗin in kawo takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi, da katin rigakafin ciwon haukan kare, da keji mai ƙwari wanda iska ke shiga, sannan in biya kuɗin awo ranar tafiya. Na roƙe ta ta rubuta mini waɗannan sharuɗɗa ko a bayan rasit ne, ta ce ba sai an rubuta ba, duk ma'aikatanku sun sani. A kan wannan magana tata na sayi tikiti biyar na zuwa da dawowa.

Duk abin da aka ce in yi na yi. Likitan dabbobi ya duba ta, ya sabunta mata allura, ya sa hannu a takarda, sannan ya gargaɗe ni kada in ba ta maganin barci, domin irin wannan magani yana sauke hawan jinin dabba ya kuma raunana numfashinta, abin da yake da hatsari a cikin jirgi. Shi ne kuma ya auna kejin ya tabbatar ya cika ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA, ta gindaya, cewa dole dabba ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta yadda ta saba. 'Yata ta shimfiɗa mata tsohon ɗankwalinta a ciki don ta riƙa jin ƙamshin gida, muka ɗaura ƙaramin mazubin ruwa a ƙofar kejin, muka liƙa takarda mai ɗauke da lambar wayata a samansa.

Ranar tafiya mun bar Agege bayan sallar asuba don gudun cunkoson motoci, mun isa filin jirgin sama na Murtala Muhammed da sauran lokaci mai yawa. A kantarku kuwa sai aka yi rijiya ta bayar guga ya hana. Matashin da ke karɓar kaya ya leƙa kejin, ya yi dariya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, sannan ya ce mini kamfaninku ba ya ɗaukar kyanwa ko kaɗan. Na gaya masa abin da aka faɗa mini a ofis, ya ce in nuna masa a rubuce. Da muka yi ta ja-in-ja, mutanen da ke bayanmu a layi suka fara tsaki, sai shugabansu ya zo ya ce ana ɗauka, amma ba ta wannan kanta ba, sai ta sashen kaya. Can kuma wani ma'aikaci ya ɗora kejin a sikeli, ya faɗi kuɗi, na biya, ya ba ni rasit, ya tabbatar mini har sau biyu cewa a jirgin da za mu hau za a sa ta. Mutum huɗu na kamfani ɗaya, kowa da dokar da ya ga dama, kuma babu ko ɗaya da ya buɗe wata takarda ya karanta mini.

Jirgin ya yi jinkirin kusan awa uku. Wannan ba shi ne ƙorafina ba, duk mai hawa jirgi a ƙasar nan ya saba da shi. Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da 'yata, wadda ta manna goshinta a gilashin ɗakin jira tun da muka zauna, ta ja ni da riga ta ce, "Baba, ga ta can a rana." Na duba, sai ga kejin a kan keken tura kaya, an jera shi tsakanin akwatuna da jakunkunan Ghana-must-go, babu rumfa, babu ko kwali a kansa, rana ta take tsaka, kwalta sai tururi take yi. Na je wurin ma'aikaciyarku da ke ƙofar fita na nuna mata, na roƙe ta a matsar da kejin inuwa. Ta ce wannan ba aikinta ba ne, amma za ta faɗa. Na duba agogo a lokacin, kuma har aka kira mu mu hau jirgi, fiye da awa ɗaya bayan haka, kejin yana nan inda yake.

Ina so ku fahimci abin da wannan yake nufi, domin na lura a wurinku kejin da akwatin tufafi duk ɗaya ne. Kyanwa ba ta yin gumi a jikinta kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafafunta, kuma zafin jikinta na yau da kullum yana tsakanin digiri 38 da 39 ne, don haka ƙaruwa kaɗan ta isa ta jefa ta cikin hatsari. Ba ta saba haki da baki buɗe kamar kare ba, idan ka ga tana yi to ta galabaita. Keji na roba da aka ajiye a kan kwalta a watan bazara tanda ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu ya yi tsawon rayuwarsa tsakanin Arewa da mayankar Oko-Oba da ke nan Agege, kuma ban taɓa jin ya yarda direba ya tsaya da tirela a rana ya tafi harkarsa ba, alhali shanun nan yanka za a kai su. Waɗanda ba su yi boko ba sun san wannan, ina mamakin yadda ya gagari kamfani mai sashen horar da ma'aikata.

Tafiyar Legas zuwa Kano a jirgi kimanin awa ɗaya da rabi ce. Muka sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kayanmu duka suka fito, keji bai fito ba. Ma'aikatanku na can ba su ma san an yi maganar wata dabba ba. Bayan kiraye-kirayen waya da yawa, wanda mafi yawansu da katina aka yi, sai aka ce mana an bar ta a Legas, wai saboda ba a sanar da matuƙin jirgin cewa akwai mai rai a cikin kaya ba, shi kuma da ya ji a ƙurarren lokaci ya ƙi yarda a loda ta. Ban ga laifin matuƙin ba. Ƙa'ida ce sananniya a harkar jiragen sama cewa dole a rubuta wa matuƙi takardar sanarwa idan akwai dabba a ɗakin kaya, domin ya lura da iska da yanayin sanyi ko zafin wurin. Laifin na wanda ya karɓi kuɗina ne ya bar takardar ba a cike ba, da kuma wanda ya san ba za a loda kejin ba amma bai kira lambar da ke liƙe a kansa ba, alhali muna zaune a ɗakin jira, tsakaninmu da shi gilashi kawai.

Na kira ƙanina da ke Idi-Araba ya garzaya filin jirgi da yamma don ya karɓe ta ya kai gida. Ma'aikatanku suka hana shi, wai ba sunansa ne a rasit ba, duk da cewa na yi magana da su ta wayarsa na ba da izini. Haka kyanwar ta kwana a rumbun kaya. A nan dole in yaba wa wani dattijo mai ɗaukar kaya, wanda ban san sunansa ba, da ya karɓi ledar ruwa daga hannun ƙanina ya zuba mata ta ƙofar kejin. Likita ya ce mini daga baya watakila wannan ruwan ne ya tsayar da ranta.

Washegari da la'asar aka kawo ta. Da muka buɗe kejin a gidan surukata, ɗankwalin ya jiƙe sharkaf da fitsari, fatar hancinta ta saɓule saboda goga shi da ta yi ta yi a ƙarfen ƙofa, farcenta biyu sun karye, kuma da 'yata ta kira sunanta ko kai ba ta ɗaga ba. Likitan dabbobi a Kano ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata kwana biyu a jere, ya kuma matsa mana lallai mu sa ta ci abinci ko da sirinji ne, domin kyanwa idan ta yi kwanaki ba ta ci ba hantarta tana iya lalacewa. Ranar Sallah sauran yara suna yawon gaishe-gaishe da sababbin kaya, tawa tana zaune a ƙasa da sirinji a hannu, kamar shekara uku da suka wuce. Alhamdu lillahi ta rayu, amma har yanzu idan ta ga kejin sai ta shige ƙarƙashin gado.

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su ce a wannan zamani na tsadar rayuwa wani yana ɓata tawada a kan mage. Ina girmama ra'ayinsu, sai dai ni tun ina makarantar allo aka karantar da ni hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Ni na sa wannan dabba a keji da hannuna, na miƙa muku ita amana, na biya kuɗi a kan amanar. Kamfanin da ya yi shakulatin ɓangaro da wannan, ban ga abin da zai hana shi yin haka da keken guragu na wani tsoho ko da maganin mara lafiya da ke buƙatar sanyi ba.

Da lokacin dawowa ya yi ban iya sake ba ku ita ba. Maiɗakina da yara suka hau jirgi, ni kuma na bi motar wani abokina ta Zariya da Kaduna da Abuja, muka kwana a Lokoja, muka bi ta Okene da Ibadan muka shigo Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, keji yana kan cinyata. Tikitina na dawowa ya tafi a banza.

Tun daga lokacin na aiko muku da saƙon imel sau uku, na je ofishinku sau biyu. Amsa ɗaya tak na samu, ita ma fom ne na ɓatan kaya, wanda yake tambayata launin akwatina, da ko yana da taya, da kiyasin kuɗin tufafin da ke ciki. Wannan ya nuna mini ko layin farko na ƙorafina ba a karanta ba.

Abin da nake nema a wurinku ba shi da yawa. Ku mayar mini da kuɗin awon da na biya, tun da aikin da aka karɓe shi dominsa ba a yi shi yadda aka yi alkawari ba, tare da kuɗin tikitina na dawowa da na jinyar da aka yi a Kano, duk rasit ɗinsu suna haɗe da kwafin da na miƙa. Ina kuma son takardar ban haƙuri da sunan 'yata, domin ita aka fi cutarwa. Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci a wurina shi ne ku fitar da dokarku ta ɗaukar dabbobi a rubuce, ku sa ta a shafinku na intanet, ku liƙa ta a kowace kanta, ta bayyana irin dabbar da kuke ɗauka, da takardun da ake buƙata, da kuɗin da za a biya, da wanda alhakin dabbar yake wuyansa daga lokacin da aka karɓe ta har a miƙa ta. Idan kuwa ba ku da wurin ajiye ta a inuwa ko ma'aikacin da zai cike takardar matuƙi, to ku rubuta ƙarara cewa ba ku ɗauka. Da an gaya mini haka tun farko da na nemi wata dabara ba tare da jin haushin kowa ba.

Na ba ku kwana 14 daga ranar da ofishinku ya buga hatimi a kan kwafina. Idan suka cika ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙarata sashen kare haƙƙin fasinjoji na Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, wadda kashi na 19 na dokokinta ya shafi haƙƙin fasinja, sannan in kai ga hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. A lokacin ne kuma zan ambaci sunan kamfaninku.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa.

Naku,
Wani fasinjanku daga Agege, Legas