Kada a ce wa maraya "Baba ya yi tafiya"

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu yi magana da iyaye mata, kakanni da malaman allo a unguwannin Hausawan Sudan, daga Mai Wurno har Gadarif da Kassala. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 yaranmu sun ga zaman makoki fiye da biki, amma har gobe in an yi rasuwa sai a ce wa ƙaramin yaro wai babansa ya yi tafiya.

Maƙwabta sun yi tafiya ta gaske, wasu Masar, wasu Chadi, wasunsu ma sun dawo. Don haka yaro zai zauna a bakin ƙofa yana jira, ranar da abokin wasa ya fasa masa ƙwai kuma ya daina yarda da maganar uwarsa. "Yana barci" ta fi muni: sai yaro ya ƙi kwanciya, ko ya riƙa tashin uwar cikin dare don ya ji ko tana numfashi. Hatta "ya kwanta dama" da "ya riga mu gidan gaskiya" manya ne ke gane su.

Mutum ɗaya wanda yaron ya saba da shi ya zaunar da shi gefe, kafin a ɗauki gawa in da hali, ya ce: "Baba ya rasu. Jikinsa ya daina aiki, ba ya jin yunwa, ba ya jin zafi. Ransa ya koma wurin Allah, ba zai dawo gidan nan ba." Wanda bai kai shekara 5 ba zai sake tambaya gobe da jibi, a maimaita masa amsar ba canji. Ɗan shekara 6 zuwa 9 ya fara gane cewa ba a dawowa, sai dai yakan ɗora wa kansa laifi, musamman in ya taɓa jin "yaron nan zai kashe ni da baƙin ciki". A faɗa masa ƙarara cewa ba rashin jinsa ne sanadi ba.

Abin da ya fi tsorata yara shi ne kabari, duhunsa da nauyin ƙasa. A nan bambancin jiki da rai ke da amfani: jiki aka wanke, aka sa a likkafani, aka binne, rai kuwa yana jiran tashin ƙiyama. Karatun Munkar da Nakir da azabar kabari gaskiya ne, amma ba na makon rasuwa ba ne ga ɗan shekara 7. A kuma ja kunnen yayye masu hirar fatalwa da mayu masu kama kurwa. In ƙanin yaron ne ya rasu, akwai hadisin da ya nuna ƙananan yara tare da Annabi Ibrahim a wani lambu, a ba shi wannan.

Kada a hana shi kuka da "yi haƙuri, kai namiji ne". Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Sannan a ba shi aikin yi. Hadisi ya lissafa abu uku da ladansu ba ya yanke wa mamaci, ɗaya ɗa nagari mai yi masa addu'a. A koya masa "Allah ya jiƙan Baba" bayan kowace salla, ranar sadakar uku a miƙa masa kwanon balila (dafaffen hatsi ko wake) ko dabino ya raba da hannunsa. In uwa ta shiga takaba, a gaya masa wata 4 da kwana 10 ne, a nuna masa wanda zai kai shi makaranta kafin ta fita takaba.

Mafi wuya shi ne wanda aka binne a Khartoum ba a ga gawarsa ba. Malamanmu na Malikiyya ba su cika yin sallar ga'ib (sallar jana'iza ba gawa a wurin) ba, to a sa rana a yi Fatiha da sadaka a gaban yaron, don ya ga da idonsa an karɓi gaisuwa.

Fitsarin kwance, firgita cikin barci da liƙe wa uwa a makonnin farko ba abin duka ba ne. In an wuce sadakar arba'in yaro bai koma wasa ba, yana ramewa, ko yana cewa zai bi Baba, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya, a ci gaba da addu'a.

Wassalam.

Daga wasu malaman makarantun allo,
Mai Wurno, jihar Sennar, Sudan