Wa zai riƙe fayil ɗin majinyaci idan an koma kwamfuta?

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Don Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan shirin nan na mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta, wanda ma'aikatar lafiya ta tarayya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta ɗauko a 2024, ana ce masa NDHI a taƙaice.

Ni kam ina goyon baya, don duk wanda ya taɓa bin layin kati tun asuba a ƙarshe a ce masa ba a ga fayil ɗinsa ba, ko aka turo shi daga ƙauye zuwa Jos da 'yar takarda ɗaya a hannu aka sake masa gwajin jinin da ya biya kuɗinsa makon jiya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Damuwata ita ce hukumomin da ke da hannu a ciki sun yi yawa kuma kowa na cin gashin kansa.

Duba fa, NHIA mai inshorar lafiya wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS tana da rajistar mutanenta, nan Filato hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato PLASCHEMA, na da tata, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa NCDC na bin annoba da manhajar SORMAS, masu aikin ƙanjamau su ma da nasu tsarin da kuɗin tallafi na waje ya kawo, sannan ga tsarin tattara bayanai na DHIS2 da jami'ar Oslo ta ƙirƙira wanda aka daɗe ana zuba alƙaluma a ciki, yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka haihu a wata, amma wannan lissafin jimla ne, likita ba zai buɗe ya ga wane magani aka rubuta wa mahaifiyata bara ba.

Ga kuma maganar jihohi wadda a ganina nan gizo ke saƙar. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, na tarayya ne, asibitin ƙwararru na Plateau Specialist na jiha, asibitin sha-ka-tafi na unguwa yana ƙarƙashin wata hukumar daban, ga na mishan ga na kuɗi birjik a cikin gari. Minista yana Abuja ba zai ba gwamna oda ba, sai dai a zauna a Majalisar Lafiya ta Ƙasa da kwamishinoni a cimma matsaya. To idan kowace jiha ta je ta ɗauko kamfaninta ta ba shi kwangila, sistem ɗin wannan bai jin yaren na wancan, me aka yi kenan? Kuma ranar da kwangilar ta ƙare ko aka riƙe wa kamfani kuɗinsa, bayanan mutane a hannun wa za su kwana? Wannan ya kamata a rubuta baro-baro tun kafin a sa hannu.

Lambar NIN ta hukumar katin ɗan ƙasa NIMC ita ce ta fi dacewa a ɗaura fayil a kai, ban musa ba. Amma jaririn da aka haifa yau ba shi da ita, tsofaffi da yawa a karkara haka, kuma mun ga wahalar da aka sha wajen haɗa NIN da layin waya, kar a wayi gari mai naƙuda tana tsaye a bakin kanta ana ce mata netwok ya ɗauke. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 dai ta hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin gaggawa ko da wane dalili ne.

Sai sirri. Garin nan kowa ya san kowa, mai yanka kati ɗan unguwarku ne, idan da danna madanni ɗaya zai ga sakamakon gwajin ƙanjamau ko na taɓin hankali wallahi aure zai mutu, wasu ma su daina zuwa asibitin gaba ɗaya. Tunda akwai dokar kare bayanai ta 2023 da hukumarta NDPC, su shigo tun yanzu su ƙayyade wa zai ga me, kuma duk wanda ya buɗe fayil sunansa ya fito da lokacin da ya buɗe.

Ina roƙon jaridarku ta tura wakili ma'aikatar lafiya ta jiha ya tambayo mana wane tsari Filato ta ɗauka, ko zai haɗu da na tarayya, kuma wa zai biya kuɗin sola da data na ƙananan asibitoci.

Naka mai karatu,
daga Unguwar Rogo, Jos