A gwada waken ful a fadamun Kebbi kafin a tallata shi ga manoma

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan waken ful, wanda wasu daga cikin manoman rani a yankinmu na Argungu suka fara tambaya a kansa bayan sun ji labarin ribar da ake samu da shi a wasu ƙasashe. Wanda ya taɓa zuwa aikin Hajji ko ya zauna a Sudan ya san shi, domin shi ne ake dafawa har ya yi luguf, a zuba masa mai da albasa, a ci da gurasa da safe.

Maganar ribar gaskiya ce. Sin da Habasha ne kan gaba wajen noma shi, Masar kuwa abin da take ci ya fi ƙarfin gonakinta, shi ya sa take sayo shi daga Ostireliya da Birtaniya. Kamar wakenmu na gida, saiwarsa tana tara wa ƙasa sinadarin da muke saye a buhun yuriya, saboda haka ba ya cin taki sosai, kuma hatsin da aka shuka bayansa yana amfana. Ga manomin da kuɗin taki da na fetur ɗin injin ban-ruwa suka sha masa kai tun bayan cire tallafin mai a 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ful ɗan sanyi ne, kuma a nan damuwata take. Manoman arewacin Sudan da ke bakin kogin Nilu suna shuka shi a wajajen Nuwamba, su yi ta ba shi ruwa har kusan wata huɗu, domin ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya kafin zafi ya shigo, kasancewar da zarar rana ta ƙwalle furen yakan kaɗe, a bar manomi da ganye kore shar babu kwanso. Hunturunmu gajere ne, kuma a watan Nuwamba fadamu da yawa ba su gama tsanewa ba, wasu ma shinkafar damina tana tsaye a cikinsu, alhali ful ba ya jure kwanciyar ruwa a gindinsa. Mun ga irin wannan a noman alkama: wanda ya makara har ƙarshen Disamba, idan ya murza zangarniya a tafin hannunsa a watan Maris, ƙwaya ce motsattsiya yake gani.

Ko da ya yi kyau a gona, wa zai saya? Albasar Aliero da shinkafar Suru suna da 'yan kasuwar da ke biyo su har bakin gona, amma ban taɓa ganin ana auna ful da tiya a kasuwar da nake ci ba. Akwai kuma batun lafiya da bai kamata a ɓoye wa jama'a ba, wato masu ƙarancin sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, matsalar da ta yawaita a Afirka ta Yamma musamman a tsakanin maza, cin ful yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu.

Saboda haka nake kira ga Ma'aikatar Aikin Gona ta jiha da jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da su nemo irin da ya fi jure zafi daga ICARDA, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, wadda ta daɗe tana bincike a kan wannan wake, su gwada shi a gonakin manoma na tsawon hunturu biyu ko uku, sannan su faɗa mana a rediyo abin da aka kashe da abin da aka girbe da wanda ya yarda zai saya. Manomin da ya ƙagu kuwa, shawarata ita ce ya ware fangali kaɗan a gefen da ƙasa ta fi tsanewa, ya shuka da wuri, kada ya taɓa kuɗin shinkafarsa.

Wassalam.

Daga wani manomin rani,
Argungu, Jihar Kebbi.