A Riƙa Tambayar Masu Wankin Ƙoda Yadda Suka Kwana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani ɓangare na ciwon ƙoda da ba kasafai ake tattauna shi ba. Duk lokacin da aka taɓo batun wankin ƙoda, da tsadarsa ake kuka, kuma da gaskiyar masu kukan, domin ko bayan rangwamen da Gwamnatin Tarayya ta sanar a wasu asibitocinta a 2025, daga naira 50,000 zuwa 12,000, iyalai da yawa ba sa iya kai mara lafiyarsu sau uku a mako kamar yadda ake buƙata. Sai dai akwai wahalar dare, wadda ba ta shiga wannan lissafi.

Shekara biyu ke nan ina jinyar mahaifina. Idan ya sauko daga kan na'ura bayan awa huɗu, jikinsa a mace yake, sai barci ya kwashe shi tun la'asar, da dare kuma idonsa ya bushe. Ƙaiƙayi ne ke fara damunsa, har na sha ganin shatin farce a bayansa da ɗigon jini a zanen gado. Daga nan ƙafafunsa su hana shi sakat, ya ce kamar kiyashi ne ke yawo cikin ƙashinsa, sai ya tashi ya yi ta zagaya tsakar gida. A makon da kuɗi suka gaza muka tsallake wanki ɗaya, ruwa ya taru masa a ƙirji har kwanciya ta gagare shi, a zaune ya kwana, jingine da bango, yana jiran kiran assalatu.

Abin da ya fi damuna shi ne, a sashen da muke zuwa ana auna nauyinsa da jininsa a kowane zuwa, amma sai da muka yi wata takwas kafin wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi yadda yake kwana. Shi kuwa Baba, irin dattawanmu ne, "Alhamdulillahi" kawai yake cewa ko da bai rintsa ba. Bayan wannan tambaya ce likita ya bayyana mana cewa ƙaiƙayin yakan tsananta idan sinadarin fosfet ya yi yawa a jini, rashin natsuwar ƙafa kuma yana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Aka gyara masa abinci, aka canza magani, ya samu sauƙi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin sassan wankin ƙoda da su sanya tambayar barci, ƙaiƙayi da gajiya cikin abin da ake rubutawa a katin kowane mara lafiya, kuma a riƙa jin ta bakin mai jinyarsa, tunda shi ke ganin daren. 'Yan'uwana masu jinya kuma, don Allah kada mu sayo maganin barci a kemis ko mu ba da jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba, domin ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da wasu magungunan, a jiki suke taruwa.

Wassalam,
Ɗan wani mai wankin ƙoda, daga Kano.