Wasiƙa daga Maisuru: Batun Bayanka da Barcinka

Maisuru,
Jihar Karnataka,
Indiya.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, ya jikin Hajiya, ya uwargida da yara, ya kasuwa? Allah ya sa komai lafiya, ya ƙara rufa asiri. Ni ma lafiya lau nake, sai damina da ta kankama da karatun da ba ya barin mutum ya sarara.

Saƙonka na murya ya iso, kuma na ga amsarsa ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka ce bayanka ya matsa maka, barci ya zama sai an yi da gaske, likita ya auna ya ga jini ya haura 140/90, ya rubuta magani, sannan ya ce ka gwada yoga, wato miƙe-miƙen jiki da daidaita numfashi irin na mutanen Indiya. Kai kuma ka fito daga asibitin kana salati, wai likita Musulmi ya tura ka bautar gumaka. Na yi dariya har maƙwabcin ɗakina ya leƙo. Amma tambayar taka tana kan hanya, kuma ka yi ta a inda ya dace, domin garin da nake zaune yana cikin wuraren da yogar zamani ta samo tushe, ga shi kuma karatun gashin ƙashi da ya kawo ni kullum a kan bayan mutane yake.

Duk wanda ya ce maka yoga ba ta da alaƙa da addini, ko dai bai sani ba ko yana son kuɗinka. Tana da ita. Tsohon littafin da suke komawa gare shi na wani malaminsu ne mai suna Patanjali, ya haura shekara 1,500, kuma ya kasa tafarkin gida takwas. Yana farawa da kame kai daga ƙarya da sata da cutar da mai rai, ya bi ta kan zama da numfashi, ya ƙare a wani matsayi na ruhi da suke nema bisa aƙidarsu. Abin da zai ba ka mamaki, miƙe-miƙen nan da duniya ta sani ba su ci komai a littafin ba. 'Yan layuka ne, cewa zama ya kasance tabbatacce kuma babu takura. Yawancin lanƙwashe-lanƙwashen da kake gani a waya daga baya aka tattara su, wasunsu ma a ƙarnin da ya wuce.

A nan Maisuru aka yi babban ɓangare na aikin. A 1933 Sarkin garin ya ba wani malami, Krishnamacharya, wuri a fadar Jaganmohan ya buɗe makaranta, yana koyar da samari. Cikin yaran akwai ƙanin matarsa, Iyengar, wanda ya taso da cuta iri-iri, zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka, har ba a sa ran zai yi tsawon rai. Shi ne ya koma garin Pune ya shahara da amfani da ɗamara da katako da bargo da kujera domin mai rauni ma ya iya, ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Wani almajirin, Pattabhi Jois, ya zauna a nan garin, kuma saboda shi ne unguwar Gokulam ta cika da Turawa. Da asuba za ka gan su rungume da 'yan tabarminsu na roba, da hantsi kuma sun yi dandazo wurin mai sayar da ruwan kwakwa. Haya a unguwar ta fi ƙarfin ɗalibi irina, ko tambaya ban yi ba.

Yanzu kuma gwamnati ta shigo ciki da ƙarfinta. A 2014 Indiya ta kafa ma'aikata sukutum mai kula da yoga da magungunan gargajiya, kuma a Disambar shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga. A 2022 a harabar babbar fadar garin nan Firayim Minista Modi ya jagoranci bikin. Musulmin Indiya kansu sun yi ta kai ruwa rana a kan lamarin, musamman jerin motsin da ake kira gaida rana, har aka cire shi daga tsarin bikin farko a 2015. Ka ga ba kai ka fara ɗar-ɗar ba.

Malamai ma sun yi magana. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda rera kalmomin bauta da ke cikinta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe: wadda ta ƙunshi ibadar Hindu haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. Saudiyya kuwa tun 2017 ta sa ta cikin wasannin da ake ba lasisi. Ni ba malami ba ne, kuma ka fi ni kusa da malamai, ka kai wa malaminmu na zaure maganar. Abin da nake yi dai shi ne: inda aka kunna fitila gaban gunki, ko aka ce a haɗa tafi a rera wani abu, ba na zama. A sashenmu na asibiti babu ko ɗaya daga ciki. Gado ne da tabarma da majinyaci mai ciwon ƙugu, a ce masa ɗaga nan, sauke can, ja numfashi.

Akwai wata magana da 'yan uwanmu suke yi wadda ba ta kwanta mini ba, wai ai sallah ma yoga ce, ga ruku'u ga sujada. Na san da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma rage wa sallah daraja ne. Ba don ƙashin baya aka farlanta ta ba. Wanda bayansa ke ciwo ya yi sallarsa don Allah, ya kuma nemi maganin baya, kowanne da muhallinsa.

To mu zo kan bayan naka. Na san zamanka a Kwari: daga hantsi zuwa la'asar sakaliya kana kan benci ko kan dilar atamfa, ƙafa a harɗe, wuya a sunkuye kan waya da kalkuleta, in an tashi kuma sai ka sunkuya ka cicciɓi dila don kada a ce Alhaji ya tsufa. Tsokar da ke riƙe da ƙugu da ciki ta saki, ta bayan cinya ta ɗaure, nauyin duk ya koma kan ƙasan gadon baya. Irin wannan ciwon hutu ba ya warkar da shi, kwanciya ma ƙara shi take yi. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta fitar da shawara cewa ciwon baya da ya daɗe a fara masa da abin da ba ƙwaya ba, ta lissafa motsa jiki da yoga da zaman tattara hankali. A shekarar kuma an yi wani gwaji a Boston da mutum 320, aka ga ajin yoga na mako 12 bai gaza gashin asibiti ba. Lura da kyau, bai gaza ba aka ce, ba a ce ya fi ba. Masu tallarta a intanet da ke cewa tana warkar da ciwon suga da kansa da rashin haihuwa, ka bar su da Allah.

Ga abin da nake so ka riƙa yi bayan sallar asuba, kafin karin kumallo, a kan darduma mai kauri. Ka kwanta rigingine, ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ka riƙe da hannu biyu har ka yi numfashi biyar, ka sauya ɗayar. Sai ka kafa tafin ƙafa biyu a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama a hankali, ka ɗan tsaya, ka sauke, kamar sau takwas. Wannan shi ne mai gina tsokar da ta saki, kuma shi za ka fi jin ƙyuyarsa. Daga nan ka juya ka yi rarrafe, hannu da gwiwa a ƙasa, ka gantsare baya kana shaƙar iska, ka ƙudundune shi sama kana fitarwa. Ka ƙare da komar da mazaunai kan dugadugai, hannuwa miƙe a gaba. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba. Jan tsoka mai daɗi ba laifi, amma da ka ji zafi mai suka ko wani abu kamar lantarki ya sauka ƙafa, ka tsaya nan take. Yara za su taru suna dariya, ka sa su su ma su yi.

Abin da na hana ka: tsayuwa da ka, da duk wani motsi da kai zai daɗe a ƙasa ƙafa na sama, da numfashin nan mai sauri da ake bugawa da ciki, da riƙe numfashi. Ba na mai hawan jini ba ne, kuma tunda Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi fama da hawan jinin ido, ka je a auna naka idon ma. Idan kuwa ka ji ƙafa tana mutuwa ko ba ta da ƙarfi, ko fitsari ya fara kufce maka, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, wannan ba na darduma ba ne, asibiti za ka koma ranar.

Batun barci shi ya fi damuna, domin na ji muryarka. Mutumin da ke kwana yana lissafin bashin da ke hannun 'yan sari da farashin dala, jikinsa bai san bambancin wannan da ganin kura ba. Sinadaran tsoro suke zuba cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, ido ya bushe. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da huhu da ciki, ita ce birkin jiki. Duk lokacin da ka fitar da numfashi tana ɗan rage bugun zuciya. Ka sa yatsa a wuyan hannunka ka gwada, za ka iya jin bugun yana ɗan sauri in ka shaƙa, yana lafawa in ka fitar. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan ka mayar da shi kamar shida, ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida, ciki na tashi ba kafaɗa ba, to ka taka birkin da kanka. Babu wani sirri a ciki, halittar Allah ce, kuma haka take a jikin Bahindu da Bahaushe.

Zaman tattara hankali kuwa ya fi miƙe-miƙen wuya, kada wani ya ruɗe ka. Ka zauna ka ce za ka bi numfashinka kawai, kafin ka ƙirga uku hankali ya tafi Kwatano ya dawo. Ba a hana tunani zuwa, ba a kuma kokawa da shi. Ka lura ya tafi, ka dawo da shi, ya sake tafiya, ka sake dawowa da shi, aikin ke nan. Wani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, shi ya ɗauko wannan daga mabiya Buddha a 1979, ya cire masa rigar addini, ya mai da shi shirin mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts don masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ciwon ba lalle ya tafi ba, amma fargabar da ke ninka shi tana raguwa.

A nan ne nake ganin mu ba baƙi ba ne. Ka tuna Kaka bayan magariba, carbi a hannu, an yi ta kiranta ba ta ji ba har sai ta shafa. Ba na cewa lazimin nata da zaman nasu abu ɗaya ne, niyya ta raba su nesa. Ina cewa ne wanda ya taso a gidan da ake zama shiru bayan sallah ba ya bukatar ya aro kalmar kowa. Ka zauna inda ka sallame, ka daidaita numfashi, ka yi tasbihinka a tsanake maimakon wannan na gudu da muke yi hannu ɗaya na laluben takalmi. Minti goma bayan isha ya isa farawa. Wayar kuma ta kwana a falo, ka daina duba farashin canji ƙarfe sha ɗayan dare, babu abin da za ka iya yi masa kafin gari ya waye. Goro da shayi mai kauri su tsaya daga la'asar.

Maganin hawan jinin nan kuwa, don girman Allah kada ka ajiye shi don ka fara numfashi. Na san halinka, da ka ji sauƙi kwana biyu sai ka ce an warke. Numfashi da motsi suna ɗan rage awon, ba sa maye gurbin ƙwaya, kuma likitan da ya rubuta shi ne kaɗai zai rage. A ward ɗinmu ina ganin masu shanyewar ɓarin jiki, wasu ba su kai mu shekaru ba, kuma labarin da yawansu ɗaya ne: sun ji garau sun daina sha. Ka kuma rabu da ƙwayoyin ciwon jiki da kake aiken yaro kemis ya sayo, irinsu diclofenac, suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda. Ka roƙi uwargida ta sassauta gishiri da magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya da yajin tsire. Ka ce ni na ce, in da faɗa ta ajiye mini sai na dawo.

Ka sayi na'urar awon jini ta hannu, ka riƙa aunawa da safe kana zaune, ka rubuta a bayan littafin shago, ƙarshen wata ka ɗauki hoton shafin ka turo mini. Zan turo maka zanen motsin nan huɗu ta WhatsApp da zarar na gama jarrabawar da ke gabana.

Akwai wani yaro ɗan unguwarmu da zai taso zuwa Bangalor, babban birnin jiharmu, bayan Sallah, ƙanensa zai zo shago ya same ka. Ka haɗo shi da kuka da daddawa da yaji, a ɗaure su sosai saboda masu duba kaya. Shinkafa da miyar mutanen nan ta ishe ni haka.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida uwargida da yara da duk mutanen layinku.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Maisuru.